Fiyanon sule hamsin: yadda wata makaɗiya ta samu gurbi a Birtaniya bayan yaƙi

Kafin 1946: horo iri biyu

Makaɗiyar da wannan nazari ya bi sawunta, Winifred Atwell, haifaffiyar Tunapuna ce, wani gari a tsibirin Trinidad, a zamanin da tsibirin ke hannun Turawan Ingila. Iyayenta na da kantin magani, ita ma sai da ta yi karatun haɗa magunguna don ta gaje su. Fiyano kuwa tun tana 'yar ƙarama ta fara taɓa shi, kuma horon da ta samu na kiɗan ilimi ne na Turawa, wanda ake karantawa a takarda, a shafe sa'o'i ana atisayen yatsu, a ƙarshe a zauna gaban jama'ar da ba ta tari ba ta motsi har sai an kai aya.

Horo na biyu yaƙi ne ya kawo mata shi. A Yaƙin Duniya na Biyu Amurka ta kafa sansanonin soja a Trinidad, ita kuma takan je ta yi wa sojojin kiɗa. Su suka nemi bugi-wugi, kiɗan baƙaƙen Amurka wanda hannun hagu ke maimaita bugu 8 a kowace gaɓa ba tsayawa, kamar tafiyar jirgin ƙasa, hannun dama kuma yana yawonsa a sama. Ta koya, har ta tsara nata. Daga nan ta wuce New York ta yi karatu wurin Alexander Borovsky, a 1946 kuma ta sauka Landan ta shiga makarantar kiɗa ta Royal Academy of Music a hannun Harold Craxton. Burinta ta zama mai kaɗa manyan ayyuka a manyan zauruka.

1946 zuwa 1950: inda gizo ke saƙar

Matsala biyu ce ta haɗu mata. Ta farko ta aljihu ce: kuɗin makaranta, hayar ɗaki, da abinci a Landan da har lokacin da kati ake rabon kayan masarufi. Ta biyu ta gurbi ce. Kasuwar masu kaɗa fiyano a manyan zauruka ƙarama ce, kuma cike take da waɗanda suka riga suka kafu, irin su Myra Hess, Solomon, Clifford Curzon, Moura Lympany da Eileen Joyce. Sabon shiga shi ke kama zaure da kuɗinsa, ya buga talla da kuɗinsa, sannan ya yi fatan masu sharhin jaridu su leƙo. Baƙar mace daga ƙasar mallaka, wadda ba ta da uban gida a garin, hawan wannan tsani ya fi mata tsawo, domin ba a saba ganin irinta zaune gaban tawagar makaɗa a Landan ba.

Abin da ta fara gwadawa shi ne raba yini gida biyu. Da rana makaranta, da dare kulob-kulob da gidajen wasan gauraye, inda take buga bugi-wugi da ragtaim, wani tsohon salon kiɗan fiyano na baƙaƙen Amurka. Wannan ya rufa asiri, amma bai fito da sunanta ba, kuma dalilin yana cikin tsarin gidajen wasan ne. Ana yin wasa sau biyu kowane dare, kwana shida a mako, sannan a tattara a nufi wani gari. Kowane ɗan wasa na samun minti 10 zuwa 15, tsakanin mai barkwanci da mai wasa da ƙwallaye ko mai rawa. Idan ta ɗauko aikin ilimi mai minti 8, ya cinye fiye da rabin lokacinta a gaban mutanen da suka zo dariya. Idan ta tsaya kan bugi-wugi zalla, ta shiga layin masu yawa, ba abin da zai sa mai gidan wasa ya rubuta sunanta a saman allon talla. Ga kuma matsalar ido: mai fiyano a zaune yake, gefensa kawai ake gani, ba ya motsawa daga kujera.

Abu biyu suka sauya a wannan tsakanin. A 1947 ta auri wani tsohon ɗan wasan barkwanci, wanda ya ajiye sana'arsa ya zama manajanta, ya kuma san abin da ke tayar da 'yan kallo daga gyangyaɗi. Sannan Bernard Delfont, ɗaya daga cikin manyan masu shirya wasanni a Landan, ya ɗauke ta kan doguwar yarjejeniya.

1951 zuwa 1952: fiyano na biyu

A 1951 ta fara ɗaukar faifai da kamfanin Decca. A daidai wannan zamani ne aka je wani shagon tarkacen gwanjo a unguwar Battersea aka sayo tsohon fiyano na tsaye a kan sule 50, wato fam biyu da sule goma a lissafin da dattawa suka sani kafin zuwan naira. Aka ɓata masa saiti da gangan don ya ba da amon da ake kira honki-tonk, amon fiyanon mashaya.

Tsarin wasan ya koma haka. A kan dandamali akwai fiyano biyu: babban na kwance mai sheƙi, da wannan tsohon. Ta fara da babban, ta buga aikin ilimi gajere. Sai ta miƙe, ta gaya wa 'yan kallo za ta koma ɗaya fiyanon nata, ta taka zuwa wurin tsohon. Takun bai wuce sakan kaɗan ba, amma ya warware matsalar ido, ya kuma sanar da mutane cewa yanzu an halatta tafi da buga ƙafa.

Faifan da ya buɗe mata kasuwa shi ne Black and White Rag, wanda George Botsford ya tsara tun 1908. Jack Jackson ya riƙa sa shi a shirinsa na rediyo, ya bazu. Shi ne dai BBC ta mayar da shi taken shirin wasan sanuka na Pot Black daga 1969. A Nuwamban 1952 ta yi kiɗa a babban wasan gauraye na shekara da ake yi gaban gidan sarauta a London Palladium. A wannan watan ne kuma jaridar New Musical Express ta fara buga jadawalin faifan da suka fi ciniki, saboda haka duk abin da ya biyo baya ana iya auna shi da lamba.

Yadda ake ɓata saiti ba tare da an kashe fiyano ba

Mutane da yawa na zaton kowane fiyanon da aka yi watsi da shi zai ba da wannan amo. Ba haka ba ne, kuma a nan ne masu kwaikwayo suka fi faɗuwa.

Fiyano na da maɓallai 88 amma tsirkiyoyinsa sun kai wajen 230. Muryoyin can ƙasa tsirkiya ɗaya ce kowannensu, mai kauri, naɗe da tagulla. Na gaba da su biyu-biyu ne. Daga wajen tsakiya har sama uku-uku ne, kuma guduma ɗaya mai kan ulu matsattse ke dukan ukun lokaci guda. Aikin mai saiti na yau da kullum shi ne ya sa ukun nan su yi girgiza daidai wa daida har kunne ya ji su kamar ɗaya. Idan ɗaya na girgiza 440 a sakan, ɗaya kuma 443, kunne zai ji amon yana lilo sau 3 a sakan. Wannan lilon shi ne honki-tonk. Yana kama da dalilin da ke sa makaɗin garaya ya rataya 'yan ƙarafa masu karkarwa a kan sandar: amo mai tsafta sosai ba ya da gishiri a taron biki.

Ana farawa ne da saita fiyanon gaba ɗaya daidai, kamar za a kai shi babban zaure. Ana cusa tsirin ulu tsakanin tsirkiyoyi don a rufe bakin na gefe, a saita ta tsakiya bisa ma'aunin girgiza 440, wanda aka amince da shi a wani taron ƙasashe a Landan a 1939. Wannan ta tsakiyar ba a sake taɓa ta, domin ita ce ke riƙe fiyanon a murya ɗaya da mai bes da mai jita da ke rakiya. Sannan a ɗora makullin saiti a kan ƙusar tsirkiya ta gefe a ɗan ƙara mata ɗauri, ta ɗaya gefen kuma a bar ta ko a ɗan sassauta. Lilo 2 zuwa 3 a sakan a tsakiyar fiyano ya wadatar.

Kuskure na farko shi ne a bi dukkan maɓallan da gwargwado ɗaya. Kowane hawa na maɓallai 12 yana ninka girgiza, saboda haka kaucewar da ta ba da lilo 2 a kan 440 za ta ba da 4 a kan 880, ta ba da 8 a kan 1760. A can sama lilon ya daina zama lilo, ya koma tsami. Dole a riƙa rage kaucewar ana hawa. Kuskure na biyu shi ne taɓa muryoyin ƙasa. A ragtaim hannun hagu na tsalle ne: murya mai zurfi a bugu na 1 da na 3, dunƙulen muryoyi a tsakiya a bugu na 2 da na 4. Muryar nan mai zurfi ita ke gaya wa kunne inda waƙa take. Idan ta gurɓace, komai ya rushe.

Sai batun guduma. Ulun tsohon fiyano ya riga ya daskare, tsirkiya ta yi masa kwari, shi ya sa dukansa ke fita da kaifi. Masu son ƙarin kaifi kan shafa wa ulun ruwan laka mai taurara shi, wasu kuma su soka ƙananan ƙusoshin allo a kan kowace guduma. Hanya ta biyun na da arha amma tana tsaga ulu, ƙusa na iya zarewa ta faɗa cikin injin, kuma ƙarfe kan ƙarfe na gajarta ran tsirkiya.

Abin da ya fi ba da wahala shi ne tafiya. Jimillar ɗaurin tsirkiyoyin fiyano ya kai tan 18 zuwa 20, kuma ƙusoshin da ke riƙe da shi a cikin katako suke. A tsohon fiyano ramukan sun buɗe, ƙusa na juyawa da kanta. Laima na kumbura allon amo murya ta hau, bushewa da zafin fitilun dandamali su saukar da ita. Tsirkiya mai tsatsa kuma tana tsinkewa idan aka ja ta da gaggawa. Fiyanon nan na Battersea ya yi ta yawo da mai shi har ƙasashen waje, kuma irin wannan kaya sai an sake bin saitinsa a duk inda aka sauke shi, in ba haka ba ɓatancin da aka auna ya koma ɓatanci na gaske.

Akwai kuma abin da yatsu ke biya. A fiyano na kwance guduma nauyinta ke dawo da ita, kuma akwai dabarar da maƙerin fiyano Érard ya ƙirƙiro a 1821 wadda ke ba da damar sake dukan maɓalli kafin ya gama tasowa. A na tsaye sai maɓalli ya kusa dawowa gaba ɗaya kafin ya sake amsawa. Mai sauya fiyano a tsakiyar wasa dole ya sauya yadda yake ɗaga yatsa cikin sakan kaɗan, yana murmushi.

1953 zuwa 1957: faifan minti uku

Faifan garmaho mai inci 10, mai juyi 78 a minti, yana ɗaukar kusan minti 3 a kowane gefe. Daɗin babban fiyano yana cikin zurfin muryoyin ƙasa da jan amo mai tsawo, kuma waɗannan biyun su ne faifan ke haɗiyewa cikin shuu ɗinsa, ƙaramar lasifikar rediyo ta ƙarasa sauran. Dukan guduma mai tauri kuwa yana fitowa ta tsakiyar abin da waɗannan na'urori ke iya ɗauka. Saboda haka fiyanon sule 50 ya fi na alfarma fita a falon ma'aikacin masana'anta.

A kan wannan aka gina kayan da ya fi kawo kuɗi: jeren tsofaffin waƙoƙin da kowa ya sani, a haɗe ba tsayawa, a fitar dab da Kirsimeti. Lissafin mai sauƙi ne. Amshin waƙar zamanin gaɓa 32 ne, kowace gaɓa bugu 4, jimilla 128. Idan ana tafiya da bugu 200 a minti, amshi ɗaya na cin sakan 38. Kenan gefe ɗaya na ɗaukar amshi 4 da 'yar shimfiɗa da rufewa, faifai ɗaya kuma 8 ko fiye. Ba a buga baitoci, amshi kawai, kuma kafin kunne ya gaji an tsallaka wata waƙar da gaɓa ɗaya ko biyu na sauya murya. Babu mawaƙi a kai, mutanen gida su ne mawaƙan.

Jadawali ya nuna sakamakon. Jeren ƙarshen 1953 ya kai na 2. Na 1954, a kamfanin Philips, ya hau na 1 a Disamba ya yi mako 5, kuma ita ce baƙar fata ta farko da ta hau wannan matsayi a Birtaniya. Na 1955 ya kai na 3, na 1956 na 7, na 1957 na 4. A Afrilun 1956 ta sake hawa na 1 har mako 3 da wata waƙar Faransa, wadda a Amurka faifan Les Baxter ne ya ci kasuwarta. An yi wa hannayenta inshorar fam 40,000 a Lloyd's, labarin da jaridu suka yi ta yayatawa, wanda shi kansa talla ne. A 1955 ta yi rangadin farko a Ostireliya, a 1956 kuma ta samu shirinta na talabijin.

1954: gwajin komawa babban zaure

Tana tsakiyar wannan tashe ta sake taɓa burinta na farko. A 1954 faifanta na wani yanki daga aikin Rachmaninoff, mai tsara kiɗan ilimi ɗan Rasha, ya shiga cikin 10 na farko. A shekarar kuma ta buga babban aikin fiyano na Grieg, mai tsara kiɗa ɗan Norway, tare da tawagar makaɗa ta London Philharmonic Orchestra, ta cika zauren Royal Albert Hall, aka kuma ɗauke shi a faifai Stanford Robinson na jagorantar makaɗan. Aikin rabin sa'a ne, kuma ba mai iya ɓoye raunin yatsu a cikinsa. Ta nuna tana iyawa. Sai dai bai zama sana'a ba: gayyatar da ta ci gaba da zuwa ta gidajen wasan gauraye ce da talabijin, faifan da kamfanoni ke jira kuma na Kirsimeti ne.

1957 zuwa 1963: kasuwa ta juya

Abubuwa uku suka taso kusan tare. Tashar talabijin ta kasuwanci ta buɗe a Satumban 1955, gidajen wasan gauraye suka fara rufewa ɗaya bayan ɗaya. Kiɗan rok-an-rol ya shigo, faifan Bill Haley ya hau na 1 a Nuwamban 1955, masu sayen ƙananan faifai suka koma samari da 'yan mata. Sannan faifai mai juyi 45 ya ture mai 78 kafin ƙarshen shekarun 1950.

An gwada bin yayi. A 1957 ta fitar da jeren waƙoƙin rok-an-rol a kan tsarin da aka saba, bai shiga cikin 20 na farko ba. Samari na son mawaƙi da jita da fuskar da za su liƙa a bango, iyayensu kuma ba su san waɗannan waƙoƙin ba balle su amsa. Jeren Kirsimetin 1959 ya tsaya a na 10.

Amon kansa bai mutu ba, hannu ya sauya. A 1959 Russ Conway ya hau na 1 sau biyu da kiɗan fiyano na wannan gida, a 1961 Mrs Mills ta fito da nata jeren. A lokacin kamfanin faifai na EMI na da nasa fiyanon Steinway na tsaye a ɗakin ɗaukar sauti na Abbey Road, mai taurararrun gudumomi da saitin da aka kauce da gangan, wanda daga baya har ƙungiyar mawaƙa ta Beatles suka yi aiki da shi. Zuwa 1963 su Beatles ɗin ne suka mamaye jadawali.

Ostireliya, zuwa 1983

Abin da ya riƙe ta daga nan shi ne kasuwar da ta buɗe tun 1955. A Ostireliya manyan kulob-kulob na tsofaffin sojoji da na ƙungiyoyin wasanni sun ci gaba da ɗaukar masu wasa kai tsaye bayan gidajen Birtaniya sun rufe, kuma masu zuwa can tsararrakin masu sayen faifanta ne. Ta yi ta komawa, a shekarun 1970 ta zauna a Sidni dungurungum. A ƙasar ta fito fili ta soki yadda ake wulaƙanta 'yan asalin ƙasar. Mijinta ya rasu a 1977. A 1980 ta samu shanyewar ɓarin jiki, ta yi ritaya a 1981, ta rasu a Fabrairun 1983.

Hukunci

Matsalar aljihu an warware ta, kuma ba tsohon fiyanon shi kaɗai ya warware ta ba. Kamar yadda Conway da Mrs Mills da EMI suka nuna, duk mai makullin saiti da kunne zai iya samar da amon cikin yini ɗaya. Abin da ba a iya saye a Battersea shi ne minti biyar na farko a kan babban fiyano. Su ke tabbatar wa ɗan kallo cewa matar nan ta zaɓi tsohon ne don ra'ayi, ba don gazawa ba, shi ya sa dariyar da ake yi idan ta miƙe ba ta raini ba ce. Horon bugi-wugi kuma ya ba hannun hagunta ƙarfin riƙe bugu 200 a minti ba tangarɗa, abin da yawancin 'yan makarantarta ba su da shi.

Gwajin 1957 ya faɗi ne saboda an ɗauki jeren waƙoƙi a matsayin ƙwarya da za a zuba kowane irin kiɗa, alhali ƙarfinsa yana cikin waƙoƙin da kaka da jika suka sani tare. Komawa Ostireliya kuwa daidai ne, domin bin masu sauraro ne zuwa inda har yanzu suke da wurin zama.

Matsalar gurbi a babban zaure ita ce ba a warware ba, kuma maganin matsalar farko yana cikin abin da ya hana. Tsarin wasan ya koya wa mutane cewa babban fiyano shimfiɗa ce, abin da aka zo ji yana ɗaya gefen dandamali. Masu shirya kiɗan ilimi kuma, waɗanda tun farko ba su yi gaggawar buɗe mata ƙofa ba, sun samu hujjar da za su fake da ita: ai 'yar wasan gauraye ce. Wariyar launi na da kasonta a nan, amma ko farar mace ce ta yi suna da fiyanon mashaya a 1954, da wuya a riƙa kiran ta buga Grieg kowace shekara. Eileen Joyce ma, wadda ba ta taɓa barin babban zaure ba, sai da masu sharhi suka yi ta yi mata gori saboda tana sauya riga tsakanin aiki da aiki.